Alamar Tunawa da Mazan Jiya: Haƙƙin Mai Ƙi da Iyakar Mai Suka

Duk wanda ya saba zama gidan kallon ƙwallo a Gesheme ko Tibiri ko Dogondutsi ya san abin da ke bayyana a ƙirjin 'yan wasan Ingila da zarar Nuwamba ya kama: ɗan jan fure mai baƙin ɗigo a tsakiya, an buga shi a rigar kowane ɗan wasa, masu horarwa da masu sharhi kuma sun maƙala na takarda a jikin kwat. Kafin a take wasa a kan busa ƙaho, filin da ke cike maƙil da jama'a ya yi tsit. Furen alama ce ta tunawa da sojojin Birtaniya da suka mutu a fagen fama. Asalinsa Yaƙin Duniya na Farko ne, wanda aka tsagaita ranar 11 ga Nuwamba 1918, domin irinsa ne ya riƙa tsirowa a filayen Beljiyam da arewacin Faransa inda bama-bamai suka tone ƙasa. Tun 1921 ƙungiyar tsofaffin sojojin Birtaniya take sayar da shi, kuɗin kuma a taimaka wa mazan jiya da iyalansu. Babu dokar da ta wajabta wa kowa sa shi. Duk da haka, wanda ya fito bainar jama'a babu shi a ƙirji yakan ga abin da ya ishe shi.

James McClean ya fi kowa sanin haka. Ɗan ƙwallo ne haifaffen birnin Derry a Ayilan ta Arewa, kuma a Nuwamban 2012, yana buga wa Sunderland, ya shiga fili da rigar da babu furen. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya sun buɗe wuta kan masu zanga-zanga a garinsu, mutum 13 suka mutu nan take, wasunsu 'yan unguwar Creggan ne inda ya tashi. Sai a 2010, bayan dogon bincike, firaminista David Cameron ya miƙe a majalisa ya amsa cewa kisan ba shi da hujja, ya nemi gafara. A wata wasiƙa da McClean ya rubuta wa mai ƙungiyar Wigan, wadda yake buga wa a lokacin, a 2014, ya bayyana cewa da furen na matattun yaƙe-yaƙen duniya biyu ne kaɗai da ya sa shi, amma tunda ya haɗa da duk yaƙe-yaƙen da sojojin suka yi daga baya, sa shi zai zama cin fuskar mutanen garinsu. Abin da ya samu shi ne shekara fiye da goma na zagi a filayen wasa da barazanar kisa, wadda ta kai har ga matarsa da 'ya'yansa. A 2018 Nemanja Matić na Manchester United ma ya ajiye furen, ya ce yana tuna masa da ruwan bama-baman da ƙawancen NATO ya yi wa ƙauyensu a Sabiya a 1999, yana ƙaramin yaro.

Idan aka ce wa masu zagin McClean su sassauta, amsarsu ɗaya ce: shi yana da 'yancin ƙi, mu ma muna da 'yancin suka. Wannan magana gaskiya ce, kuma bai kamata a yi mata kwana ba. Amma a ganina rabin zancen ke nan. Suka tana da halinta, farauta kuma tana da nata. Mai suka yana cewa ka yi kuskure, ga dalilina, me za ka ce? Mai farauta ba ya jiran amsa, so yake a kore ka daga aiki, a ƙaurace maka, ko a ji tsoron gaishe ka. Na farko yana amfani da 'yancin faɗin albarkacin baki, na biyu yana amfani da sunan 'yancin don ya toshe bakin wani. Kuma wanda ya ƙi sa alama, sau da yawa ba mantuwa ce ta hana shi ba. Tunawa ce ta hana shi, sai dai abin da yake tunawa daban ne da wanda jama'a suka taru a kai.

Mutanen ƙasar Arewa ta Nijar ba sa bukatar a je Ayilan kafin su gane wannan. A watan Afrilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a yankin Dogondutsi na yau. Wata guda bayan haka ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yanzu ake ba da labarinsa. Turawan da ke cikin rundunar 'yan tsiraru ne. Yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne da Faransa ta ɗauko daga wasu sassan Afirka ta Yamma. Bayan shekara goma sha biyar, irin wannan kakin ne dai aka sa wa samarin yankin aka kai su Turai, kusan mutum dubu ɗari biyu daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, da yawansu ta hanyar tilas aka karɓe su daga hannun sarakuna, dubbai kuma ba su dawo ba. To, a ce yau an ƙera wata alama ta tunawa da waɗannan sojoji baki ɗaya. Jikan wanda ya mutu cikin sanyin Faransa zai sa ta da alfahari, kuma yana da gaskiya. Jikan wadda aka ƙone rumbunta a Lugu zai iya cewa shi kam a'a, kuma wane ne zai tsaya a gabansa ya ce masa bai san darajar matattu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko labarin Sarauniya kansa, wanda Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo ya mayar fim a 1986, gwamnatin Nijar kuma ta sa wa wata lambar yabo sunanta, ba duk gidajen ƙasar Arewa ne ke ba da shi iri ɗaya ba, domin ba duk masu mulkin wancan zamani ne suka tsaya a bayanta ba. Wasu sun ga cewa sulhu da mai bindiga shi ne zai tsirar da talakawansu. Jikokin waɗannan da na waɗancan suna cin kasuwa ɗaya a yau, suna auratayya.

Tsallaken iyaka ma haka abin yake. Najeriya tana Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya kowace 15 ga Janairu. Shugaban ƙasa da gwamnoni sukan ƙaddamar da tambarin tunawa tun kafin ranar, ƙungiyar tsofaffin sojoji ta sayar, manyan ma'aikata su maƙala a ƙirji, ranar kuma a ajiye furanni a saki fararen tattabaru. An zaɓi ranar ne domin a 15 ga Janairu 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa. Amma Basakkwace ko Bakano da ya ji an ambaci 15 ga Janairu, abin da zai fara faɗo masa shi ne 1966, daren da wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, suka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas suka hallaka shi. Ga mutumin Inugu kuwa, ranar ce da yankinsu ya miƙa wuya bayan yunwar da ta ci yara ba adadi. Rana ɗaya ce a kalanda, ciwo uku ne a zukata. Tambari ɗaya ba zai iya ɗaukar su duka ba, kuma wanda ya ga bai ɗauki nasa ba, ya bar shi a teburin mai sayarwa, bai aikata laifin komai ba.

Yanzu a koma ga mai suka, don shi ma a ba shi haƙƙinsa cikakke. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta tabbatar da 'yancin lamiri a sashe na 8, da 'yancin bayyana ra'ayi a sashe na 9. Nijar da Najeriya duk suna ciki. Waɗannan sassa biyu suna kare mai ƙi da mai suka a lokaci guda. Uwar da ɗanta ya mutu a bakin daga tana da cikakken haƙƙi ta ce ranta ya ɓaci da ta ga maƙwabcinta bai tsaya an yi shiru da shi ba. Malami yana da haƙƙi ya ce a wa'azinsa godiya ga wanda ya tsare ka wajibi ce. Ɗan jarida yana iya rubuta cewa hujjar mai ƙi ba ta da ƙarfi. Wanda ya ƙi alama a bainar jama'a ya yi magana ne, ko da bai buɗe baki ba, kuma duk wanda ya yi magana ya shirya jin amsa. Ba na goyon bayan a mayar da mai ƙi wani shafaffe da mai wanda ba a taɓawa. Hasali ma akwai masu ƙi don neman suna ko tsokana, kuma faɗa musu gaskiya daidai ne.

Inda aka saba wuce gona da iri shi ne lokacin da suka ta bar aikin ta koma kan asalin mutum ko amanarsa. A Nuwamban 2019 wani tsohon mai sharhin wasanni a Kanada, Don Cherry, ya fito a talabijin ya caccaki baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, wai suna cin arzikinta amma ba sa sayen furen. Bayan kwana biyu tashar ta sallame shi, magoya bayansa suka ce an danne masa 'yanci. Ana iya jayayya ko korar ta yi tsauri, amma a lura da abin da ya yi: bai ɗauki hujjar wani mutum ya warware ta ba, jinsin mutane ya ware ya ce su ne marasa godiya, alhali kakannin da yawansu, daga Indiya zuwa Afirka, sun mutu a yaƙe-yaƙen da furen ke tunawa. Hausawa nawa ne suka je yaƙin Bama ba su dawo ba? Irin wannan magana a wurinmu ta fi haɗari. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 tuta da taken “zancen ƙasa ne” sun cika titunan Nijar, kuma mutane da yawa da zuciya ɗaya suke ɗaga su. Amma a wannan yanayin ne kalmar “maci amanar ƙasa” ta yi arha a Facebook da WhatsApp. A watan Agustan 2024 hukuma ta kafa dokar da ta ba da damar janye wa mutum zama ɗan ƙasa na wucin gadi bisa zargin yi wa muradun ƙasa zagon ƙasa, a watan Oktoba kuma aka fara aiki da ita kan mutum tara. A ƙasar da zargin cin amana yake da sakamako irin wannan a gaban hukuma, wanda ya jefa shi kan malamin makaranta ko ɗan kasuwa don kawai bai rataya tuta ba, ko bai fito gangami ba, ya wuce faɗin ra'ayi. Ƙara ya kai ba tare da shaida ba. Magana zarar bunu ce. A kudu maso gabashin Najeriya an ga ƙarshen wannan hanya: ranar 30 ga Mayu, wadda masu fafutukar Biyafara suka keɓe don tunawa da matattunsu, ta zama ranar zaman gida dole, wanda ya buɗe shago yana iya rasa shagon ko ransa. Matattun da ake tunawa ba su ƙaru da komai ba, sai dai an ƙara musu yawa.

Za a ce mini, kuma wannan ita ce hujja mafi nauyi: samari suna mutuwa yanzu, ba a zamanin Nasara ba. Ranar 10 ga Disamba 2019 an kashe sojojin Nijar 71 a Inates. Bayan wata guda, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe 89 a Shinagodar. 'Ya'yan talakawa ne, daga ƙauyuka irin namu, an yi zaman makokin ƙasa an sauke tuta ƙasa-ƙasa. Me ɗan ƙyalle ko minti ɗaya na shiru zai rage wa mutum idan aka auna shi da wannan? Gaskiya ne ba zai rage masa komai ba, kuma ni a ra'ayina wanda ba shi da wani dalili na lamiri ya kamata ya tsaya ya yi. Amma sauƙin abin shi ne rauninsa. Abin da kowa zai iya maƙalawa cikin daƙiƙa biyu ba ya auna kishin kowa. Faransa ma tana da nata furen tunawa, shuɗi, kuma kowace shekara manyanta sukan sa shi. Wannan bai hana ba ranar 1 ga Disamba 1944 aka bindige sojojin Afirka a barikin Thiaroye kusa da Dakar saboda sun nemi kuɗinsu bayan sun dawo daga yaƙi, kuma sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Bai hana ba a 1959 aka daskarar da fanshon tsofaffin sojojin Afirka, suka tsufa suna karɓar ɗan abin da bai kai na takwarorinsu Turawa ba, har sai bayan shekara ta 2000 aka fara gyarawa, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A Abuja, tsofaffin sojoji sun sha shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman haƙƙinsu, a ƙasar da ake ƙaddamar da tambari duk shekara. Idan fushin jama'a yana neman inda zai sauka, ga wuraren da suka cancanta.

Wani kuma zai ce wannan duk tunanin Turawa ne, inda kowa tasa ta fisshe shi. Mu a nan mutuwa ta kowa ce, wanda bai zo gaisuwa ba ya yanke zumunci. Haka ne, kuma duk wanda ya ga zaman makoki a garuruwan Dallol Mawri ya san nauyin abin: tabarmi a inuwar ƙofar gida, maza suna zuwa rukuni-rukuni, a durƙusa a yi fatiha a ce Allah ya jiƙan rai, mata a cikin gida da ƙoren gero da suka kawo, kuma kowa yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sai dai mu ma mun taɓa yin wannan gardama, kuma da zafi. Ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, da ta iso Maraɗi da Dogondutsi ta ce sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ba su da tushe a addini. Samari suka daina zuwa. A shekarun 1990 an kira su marasa kunya masu raina iyaye, su ma suka kira dattawa 'yan bidi'a, aka raba masallatai, wasu gidaje wa da ƙane suka daina cin tuwo tare. Gardamar ba ta mutu ba har yau, malamai na kowane ɓangare suna ci gaba da kawo hujjojinsu, kuma hakan ba laifi ba ne. Abin da ya ragu shi ne zaton cewa wanda bai zo sadakar arba'in ba bai damu da mahaifinsa ba. Mutane sun ga da idonsu cewa shi ne dai yake biyan bashin mamacin, yake riƙe marayun. Addinin da yawancinmu ke bi ya rataya aiki a kan niyya, ya kuma yi kashedi mai tsanani game da riya. Al'ummar da ta san wannan ba ta da uzurin auna zuciyar mutum da abin da ke maƙale a rigarsa.

Saura hujjar yaƙi: wai lokacin da ƙasa ke cikin haɗari ba lokacin bambancin ra'ayi ba ne. A 1940 kotun ƙolin Amurka ta karɓi irin wannan magana, ta yarda a kori yaran ɗariƙar Shaidun Jehobah daga makaranta saboda sun ƙi sara wa tuta. Abin da ya biyo baya shi ne duka da ƙone-ƙone da gungun mutane suka riƙa yi wa mabiya ɗariƙar. A watan Yunin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kotun ta janye hukuncinta, ta ce hukuma ba ta da ikon tilasta wa ɗan ƙasa furta abin da bai yi imani da shi ba, kuma hakan bai hana Amurka cin yaƙin ba. 'Yan Najeriya kuwa suna tune da bajon Abaca da manya suka riƙa maƙalawa a 1998, da yadda ya ɓace daga ƙiraza da zarar mai shi ya rasu a watan Yuni. Tarihin Nijar ya fi duk waɗannan kusa. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba suka ce a'a ga tayin jagoran Faransa De Gaulle. Aka haramta jam'iyyar a 1959, shi ya yi gudun hijira, aka ɗaure magoya bayansa, aka kashe wasu, sunansu ya zama abin tsoron ambata. A watan Oktoban 2024 aka cire sunan De Gaulle daga babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary. Taken ƙasar da Bafaranshe ya rubuta a 1961, wanda aka yi shekaru ana rerawa a makarantu, majalisa ta sauya shi a watan Yunin 2023 saboda ƙorafin da wasu suka daɗe suna yi a kansa. Da an yi nasarar rufe bakin masu ƙi na jiya gaba ɗaya, da babu wanda zai kawo gyaran da ake alfahari da shi yau.

Saboda haka roƙona ga masu riƙe da lasifika a masallatai, da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, da matasan da ke tura saƙo a waya daga Gesheme zuwa Dosso: idan kun ga wanda bai sa alamar da kuka sa ba, ku tambaye shi dalili, ku saurara har ya gama. Idan bai gamsar da ku ba, ku faɗa masa a fuskarsa, ku rubuta, ku yi wa'azi, wannan haƙƙinku ne kuma babu mai ƙwace muku shi. Amma kada ku ɗauki hotonsa ku yaɗa da sunan maci amana, kada ku ambaci ƙabilarsa ko garinsu, kada ku kai shi gaban hukuma kan abin da doka ba ta hana ba. Idan a unguwarku akwai matar sojan da ya rasu a bakin aiki, ku je ku tambaye ta ko an biya ta haƙƙin mijinta, kuma ko yaran suna zuwa makaranta.